Gidan haya: Abin da ke jiran mai gidan da ke jan ƙafa wajen gyara

Duk shekara idan marka ta kankama, daga ƙarshen watan Yuli zuwa Satumba, labarin da ke fitowa daga garuruwan Jigawa kusan iri ɗaya ne: ɗaki ya faɗa wa mutane cikin dare, katanga ta danne yaro, masai ya rufta. A daminar 2020 da ta 2022 jihar ta ga ambaliya da rushewar gidaje da har yanzu ba a manta ba. Idan aka je jaje, abin da ake faɗa shi ne ƙaddara ce, kuma babu Musulmin da zai musa wannan. Sai dai a cikin gidajen da ke rushewa akwai na haya, waɗanda mazauna cikinsu suka daɗe suna kai kuka, ana ce musu a bari sai bayan damina.

Masu gidajen haya da yawa na ɗauka cewa jinkirin gyara ba ya jawo komai sai ɓacin ran ɗan haya. Shari'ar Musulunci da dokar ƙasa ba haka suke kallon lamarin ba. Akwai asarar kuɗin haya, akwai diyya, akwai ma tuhumar laifi idan aka rasa rai.

Yadda haya ta bunƙasa a yankin

A da, gidan haya a Kazaure na ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ne, ko baƙon ɗan kasuwa. Yanzu abin ya wuce nan. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta jiha sun cika garin da ɗalibai da malamai. A Babura, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafawa a 2021 ta sa ɗakin da a da ake ajiye hatsi a ciki ya zama abin nema. A Roni da Gwiwa kuwa, malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, 'yan sanda da masu yi wa ƙasa hidima su ne 'yan haya. Ga kuma sababbin ma'aurata da gidan gado ya yi wa kaɗan.

Da buƙata ta ƙaru, sai aka shiga gyara tsofaffin gidajen ƙasa sama-sama. A yi wa bangon tubali yaɓen siminti, a shafa fenti, a ɗora kwano, a sa haya. Siminti ba ya kama ƙasa yadda yake kama bulo. Da zarar ya ɗan tsage, ruwa ya shiga ta baya, ƙasar ta jiƙe tana narkewa a ɓoye, daga waje kuwa bango na nan fes. Irin wannan bangon ne ke zubewa ba sallama.

Mafi yawan wannan haya da baki ake ƙulla ta, ta hannun dillali. A biya kuɗin shekara, wani lokaci ko rasit babu. Ba a yi maganar wanda zai gyara rufi ba, ba a yi maganar wanda zai yashe sokawe ba. Ranar da abu ya lalace, ran nan ake fara musu.

Abin da ke iso mu a asibiti

A aikina na jinya, gidan da ba a gyara ba yana zuwa mana ne a jikin mutane. Yaron da ke kwana a ɗaki mai danshi, wanda bangonsa ya yi fumfuna, shi ne ake ta dawowa da shi da tari da sarƙewar numfashi. Idan yana da asma, sai ta riƙa tashi akai-akai. A ba shi magani ya samu sauƙi, a mayar da shi ɗakin, bayan mako biyu a sake kawo shi. Uwa kan ce, "Malama, sanyi ne yake kama shi." Idan ka bi diddigi, sai ka tarar katifarsa a jingine take da bangon da ke tsattsafo da ruwa.

Sokawe ko masan da ya fashe kusa da rijiya ya fi wannan haɗari. Shawarar masana lafiya ita ce a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiya, abin da ba kasafai ake samu a gidajen cikin gari ba. Idan ramin ya tsage, ƙazanta na bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga ruwan sha, daga nan sai taifot da amai da gudawa. A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta lissafa mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Sauran kuma sanannu ne. Tsohon kwano mai tsatsa da iska ta ɓalle ya yanki yaro, a shiga fargabar sandarewar jiki idan ba a yi masa rigakafi ba. Wayar wuta da ruwa ke zuba a kanta ta ja mai shanya. Rijiyar da murfinta ya ruɓe ta haɗiye mai rarrafe. Tsagar bango ta zama gidan kunama da ɓera, shi kuwa ɓera shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Mafi muni shi ne wanda gini ya danne: karaya, zubar jini ta ciki, ko rauni a laka da zai kwantar da mutum har ƙarshen rayuwarsa.

Kusan kullum mata da yara ne abin ke faɗa wa, domin su ke wuni a gida. Uwargida ce ke fara ganin tsagar, amma ba ita ke magana da mai gidan haya ba. Sai ta faɗa wa maigidanta, shi ya faɗa wa dillali, dillali ya ce, "Alhaji ya yi tafiya, a ƙara haƙuri." A wannan doguwar hanya saƙo ke ɓacewa.

Gyaran wa ne?

Abu na farko da alƙali zai tambaya shi ne abin da aka yi yarjejeniya a kai. Idan an rubuta, ko akwai shaidu, cewa mai gida zai gyara rufi da bango da magudanar ruwa, to ya ɗaure kansa, rashin yi saɓa alkawari ne. Idan ba a yi maganar ba, sai a koma ga al'adar gari da ƙa'idojin shari'a. Abin da aka saba da shi a wurinmu shi ne, duk abin da ya shafi ƙashin gini, wato rufi, bango, katanga, rijiya, ramin masai da babbar wayar wuta, na mai gida ne. Ƙananan abubuwa kamar ƙwan fitila, kan famfo, kwaɗo da share kwata, na ɗan haya ne. Abin da ɗan haya ko 'ya'yansa suka lalata da hannunsu kuwa, su za su gyara.

Jihar Legas ta rubuta wannan a dokar haya ta 2011, inda ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gini da wuraren da 'yan haya ke tarayya a kai. Dokar ba ta aiki a Jigawa, amma ƙa'idar da ke bayanta kotuna sun san ta: a gidan da ake zaman haya ɗaki-ɗaki, zaure da tsakar gida da banɗaki da rijiya suna hannun mai gida, don haka kula da lafiyarsu na wuyansa.

Abin da fiƙihu ya tanada

Tun shekarar 2000 Jigawa ke aiki da shari'ar Musulunci, kuma kotunan shari'a na bin mazhabar Malikiyya. Masu gida da yawa za su yi mamakin yadda malaman fiƙihu suka yi wa wannan batu filla-filla tun ƙarnoni da suka wuce. Littafin Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda alƙalanmu ke komawa gare shi, ya kawo hukunce-hukuncen a babin haya.

Mashahurin ra'ayi shi ne ba a tilasta wa mai gida yin gyara, ko da yake wasu malaman mazhabar sun ce a tilasta shi. Amma kada mai gida ya yi saurin murna. Idan lalacewar mai cutarwa ce, kamar yoyon rufi, ɗan haya na da zaɓi: ya warware hayar ya tashi, ko ya zauna ya biya cikakken kuɗi. Idan ya zaɓi tashi, kuɗin watannin da bai zauna ba ba halalin mai gida ba ne. Idan kuma wani ɗaki ya rushe, ana rage kuɗin haya gwargwadon abin da aka rasa. A ce gida mai ɗaki uku daidai wa daida ana hayarsa naira 150,000 a shekara, ɗaya ya rushe a tsakiyar shekara ba a gyara ba. Kason ɗakin naira 50,000 ne, rabin shekara kuwa naira 25,000. Wannan haƙƙin ɗan haya ne.

Hukuncin da ya fi nauyi shi ne na bangon da ya karkata. Malamai sun ce idan bango ya karkata, aka gargaɗi mai shi a gaban shaidu, ya samu isasshen lokacin da zai gyara ko ya rushe shi amma bai yi ba, to duk abin da bangon ya halaka yana wuyansa, dukiya ce ko rai. Wasu malaman ma sun ce idan haɗarin a bayyane yake, ba sai an yi gargaɗi ba. Hukuncin ya haɗa da maƙwabci da mai wucewa a lungu da almajirin da ya fake a gindin katanga.

Diyyar rai a fiƙihu raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, wato kimanin kilo huɗu da kwata. Duk wanda ya san farashin giram ɗaya na zinariya a yau ya san wannan ya ninka kuɗin gidan haya da yawa, balle kuɗin buhun siminti biyar da ladan birkila.

Kotun majistare da babbar kotu

Ba kowane ɗan haya ne Musulmi ba, ba kuma kowace ƙara ce ke zuwa kotun shari'a ba. A ɓangaren dokar ƙasa, hanyoyi uku ne ke iya kai mai gida gaban alƙali.

Ta farko, saɓa yarjejeniya. Idan mai gida ya ɗauki nauyin gyara, aka sanar da shi, ya ƙi yi cikin lokacin da ya dace, ɗan haya na iya neman a biya shi asararsa: katifa da kayan ɗaki da ruwa ya lalata, hatsin da ya jiƙe, kuɗin asibiti, har da kuɗin wurin da ya koma na wucin gadi.

Ta biyu, sakaci. Wanda ke da iko da wuri, ya san akwai haɗari ko ya kamata ya sani, bai ɗauki mataki ba har wani ya ji rauni, ana iya neman diyya a wurinsa. Idan mutuwa aka yi, matar mamaci da 'ya'yansa da iyayen da yake ciyarwa na iya shigar da ƙara.

Ta uku, laifi. Kundin Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960 kuma jihohi suka gada, ya sanya jawo mutuwar mutum ta hanyar ganganci ko sakaci cikin laifin kisan da ba a yanke wa hukuncin kisa. A asalin kundin, sashe na 222 ne ya bayyana shi, sashe na 224 kuma ya tanadi ɗauri, wanda zai iya kaiwa na rai da rai, ko tara, ko duka biyun. Ba kowane rushewar gini ne ke kaiwa nan ba, sai an tabbatar da sakaci mai tsanani. Amma mai gidan da aka yi wa gargaɗi sau uku a gaban mai unguwa ya yi biris, ya riga ya tara wa mai gabatar da ƙara hujjoji.

Kafin a kai ga kotu ma akwai duba-gari. Jami'an lafiyar muhalli na ƙananan hukumomi na da ikon shiga gida su duba, su ba da takardar wa'adi a kan masan da ya cika, sokawen da ke malala a titi, ko ginin da ke barazana ga mutane. Wanda ya ƙi bin wa'adin ana iya gurfanar da shi. Ita kanta takardar, idan wani abu ya faru daga baya, shaida ce cewa mai gida ya sani.

Ƙin gyara don a kori ɗan haya

Akwai wata dabara da ta zama ruwan dare, musamman inda kuɗin haya ke tashi. Mai gida na son ƙara kuɗi ko ya sa wani, sai ya ƙi gyara don ɗan haya ya gaji ya tashi. Wani ma har ya turo kafinta a cire kwano da sunan gyara a bar ɗaki a buɗe, ko a cire ƙofa, ko a yanke wuta.

Doka ba ta yarda mutum ya ɗauki hukunci a hannunsa ba. Kotun Ƙoli ta jaddada wannan a shari'ar gwamnatin Legas da Ojukwu a 1986, inda ta nuna ko gwamnati ba ta da ikon fitar da mutum daga gida da ƙarfi alhali magana na gaban kotu. Hanyar da aka sani ita ce takardar sanarwa. Idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, ƙa'idar da dokokin jihohi suka fi bi ita ce mako ɗaya ga mai biyan mako, wata ɗaya ga mai biyan wata, wata shida ga mai biyan shekara. Bayan wa'adin ya cika sai a ba da sanarwar kwana bakwai, sannan a je kotu. Mai gidan da ya tsallake wannan ya cire rufi, shi ne zai koma wanda ake ƙara, a kan kutse da ɓarna.

Darasi daga Ingila

A watan Disamba na 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a garin Rochdale na Ingila. Binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar da cewa fumfunar da ke bangon gidan hayarsu ce ta lalata masa numfashi, bayan iyayensa sun daɗe suna kai ƙorafi. Shugaban hukumar gidajen ya rasa aikinsa, majalisa kuma ta yi doka a 2023, wadda ake kira Dokar Awaab da sunan yaron, da ta ƙayyade wa masu gidajen jama'a lokacin da dole su bincika kuma su gyara irin wannan matsala. Abin lura shi ne, a can ma abin da ya kama masu gidan shi ne shaidar cewa an faɗa musu.

Gidan gado da gidan marayu

Da yawa daga gidajen haya a Kazaure da Babura na magada ne. Kuɗin haya na zuwa a raba, amma ranar gyara kowa ya ce ba shi kaɗai ke ci ba. Yawan masu gida ba ya sauke nauyi, yana raba shi ne a kansu. Mafita ita ce magada su naɗa mutum ɗaya a rubuce, su ba shi ikon cire kuɗin gyara kafin rabo. Wanda ke riƙe da gidan marayu kuwa amana ce a hannunsa. Idan ya bari gidan ya lalace alhali kuɗin haya na shigowa, marayun na iya tuhumarsa idan sun girma.

Haka nan mai gidan da ke zaune a Kano ko Abuja ya bar wa wakili. Abin da aka sanar da wakilin da ka naɗa, a ido na shari'a kamar kai aka sanar.

Idan kina zaune a gidan da ke buƙatar gyara

Ki ɗauki hoton wurin da waya, ki sake ɗauka bayan kowane ruwa. Maigidanki ya sanar da mai gida a rubuce, ko ta saƙon waya ko WhatsApp, ya ajiye saƙon. Idan bango ne ya karkata ko ya tsage daga sama har ƙasa, a kira mutum biyu masu mutunci su gani, a sanar da mai unguwa. A adana rasit na haya da takardun asibiti.

Kada a daina biyan haya kai tsaye, domin hakan na iya ba mai gida hujjar fitar da ku. Kada kuma a yi babban gyara da kuɗin aljihu ba tare da izininsa a rubuce ba. A fiƙihu, wanda ya gyara ba izini ana ɗaukarsa mai kyauta, abin da zai samu bai wuce ƙimar kayan idan an rushe su ba. A dokar ƙasa ma da wuya a mayar masa. Idan an amince a cire daga kuɗin haya, a rubuta adadin, kowa ya sa hannu.

Idan lallami ya ƙi, akwai sulhu wurin mai unguwa ko dagaci ko Hisba, akwai ofishin duba-gari a sakatariyar ƙaramar hukuma, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa mai ofishi a Dutse ga wanda ba shi da kuɗin lauya.

Abu ɗaya ne ba ya jiran sulhu. Idan tsaga na ƙara faɗi, ƙofa ta fara ƙin rufuwa, ƙasa na zubowa daga rufi, ko azara na ƙara, a fitar da yara daga ɗakin a daren, ko da a zauren maƙwabta za a kwana. Idan kuma gini ya danne mutum, kada a ja shi ta hannu ko ƙafa. A ɗauke abin da ke kansa, a riƙe kai da wuya a miƙe, a ɗora shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a kai shi asibiti ko da ya ce ba ya jin komai.

Ga masu gidajen haya

Lokacin gyara shi ne rani, daga Fabrairu zuwa Mayu, kafin ruwan farko. A zaga gida da magini, a duba indararo da gindin bango da murfin rijiya da ramin masai. A ware kaso daga kuɗin haya, ko na wata ɗaya ne a shekara, a ajiye shi don gyara. A rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce da Hausa, a fayyace gyaran kowa. Idan ƙorafi ya zo, a je a gani da ido, a faɗi ranar da za a fara aiki. Idan babu kuɗi a hannu, a yarda ɗan haya ya gyara a cire masa, ko a rufe ɗakin a rage masa haya.

Akwai masu gida da su ma talakawa ne: gwauruwar da ke ciyar da marayu da kuɗin ɗaki biyu, ko tsohon ma'aikacin da fanshonsa ba ya isa. Tsadar siminti da kwano gaskiya ce. Amma irin waɗannan su ne ƙara ɗaya za ta fi durƙusarwa, domin gidan ne kaɗai abin da suka mallaka. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A gidan haya, abin da ke biyo tsagar ya fi ƙadangare: ruwa ne, sai cuta, sai sammaci. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya sa mu ga ƙarshen damina lafiya.